Ƙwayar Halitta da Mafarin Rai a Doron Ƙasa



Gabatarwa

Tambayar da wannan lacca za ta duba tsohuwa ce ƙwarai, watau ta yaya rai ya fara a doron ƙasa? Kafin a shiga cikinta ya kamata a shata mata iyaka. Ilmin kimiyya ba shi da ma'aunin da zai auna Wanda ya yi halitta. Abin da yake bi shi ne sababi, watau hanyoyin da abubuwa ke bi su auku. Manomin da ya san Mai saukar da ruwan sama, saninsa bai hana shi lura da kusurwar da hadari ke tasowa ba. To, a wannan fage ne za a tsaya.

Abin da za a nuna kuwa guda ɗaya ne. Daga shekarar 1953 zuwa yau masana sun gano cewa tubalan da ake gina mai rai da su ba su da wuyar samuwa, har a cikin duwatsun sararin samaniya akwai su. Amma tsakanin tulin tubalan nan da ƙwayar halitta mafi ƙanƙanta akwai wawakeken rami, wanda har yanzu ba a gama cike shi ba. Mai son ya san girman ramin sai ya fara da duban ita ƙwayar halittar kanta.

Yadda aka gano ƙwayar halitta

Har zuwa ƙarni na 17 babu wanda ya taɓa ganin ƙwayar halitta, saboda ta fi ƙarfin ido. A shekarar 1665 wani mutumin Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi, ya sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ya ga ashe 'yan ɗakuna ne jere kamar saƙar zuma. Bayan shekara 9, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya gwanance wajen goge gilashi, ya duba ruwan tafki ya ga wasu halittu suna ta iyo a ciki. A 1683 kuma ya ga waɗanda suka fi su ƙanƙanta, watau bakteriya, cikin dattin haƙoransa. Gani ya kori ji. A 1838 da 1839 wasu Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka bayyana cewa tsirrai da dabbobi duka da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su, sa'an nan a 1855 Rudolf Virchow ya ƙara da cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa.

Wannan magana ta ƙarshe ta ci karo da abin da mutane suka daɗe suna ɗauka, cewa ruɓaɓɓen nama shi ke haifar da tsutsa da kansa. Tun a 1668 wani likita mutumin Italiya, Francesco Redi, ya zuba nama cikin kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya rufe wasu da ƙyalle mai shara-shara. Naman da ƙuda ya sauka a kai shi kaɗai ya yi tsutsa. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba, aka ce to ƙananan halittu fa? Louis Pasteur na Faransa ne ya raba ta tsakanin 1859 da 1862. Ya tafasa romo cikin kwalabe masu dogon wuya lanƙwasasshe, yadda iska za ta shiga amma ƙura ta maƙale a lanƙwasar. Romon ya zauna garau wata da watanni; da ya karya wuyan kwalbar kuwa, cikin 'yan kwanaki ya lalace.

Wannan gwaji ya amfani duniya, domin shi ne hujjar tafasa ruwan sha da kayan aikin asibiti. Amma ya bar baya da ƙura. In dai kowace ƙwaya daga wata take fitowa, to ta farko fa?

Birni mai ganuwa

Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, watau miliyan 30 sau miliyan. Jajayen ƙwayoyin jini sai an jera kamar 130 kafin su cika milimita ɗaya. Bakteriyar hanji da ake kira E. coli kuwa sai an jera 500. Da can an ɗauka cewa abin da ke cikin ƙwayar wani ruwa ne mai yauƙi kawai. Yau an san cewa ta fi kama da birni irin na dauri, mai ganuwa da ƙofofi, da masu sana'a, da kundin dokoki, da kuɗin da ake ciniki da su.

Ganuwar wani tantani ne na maiƙo mai ruɓi biyu, wanda sai an ɗora fiye da 10,000 a kan juna kafin su kai kaurin takarda. A jikinsa akwai ƙofofi iri-iri, kowace da abin da take bari ya wuce. Muhimmancinsu yakan bayyana ne sa'ad da annobar kwalara ta ɓarke. Dafin ƙwayar cutar yakan sa wata ƙofa ta ƙwayoyin hanji ta zauna a wangale, gishiri ya yi ta kwarara cikin hanji, ruwan jiki ya bi shi. Amma akwai wata ƙofa dabam da dafin bai taɓa ba, wadda ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari, in sun shiga kuma ruwa ya bi bayansu. Wannan shi ne asirin ruwan gishiri da sukari da ma'aikatan lafiya ke horo da shi, wanda ya ceci miliyoyin yara.

Masu sana'ar birnin su ne sinadaran da ake kira furotin. Kowane furotin kamar carbi yake, wanda aka shirya da 'ya'ya iri 20, ana ce da su amino asid. In an gama jera su sai zaren ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa ta musamman, siffar nan kuwa ita ce aikinsa. Wasu furotin ƙofofi ne, wasu 'yan dako, wasu kuma masu gaggauta haɗuwar sinadarai. Akwai ɗaya a cikin jini da ke iya sarrafa ƙwayoyin iskar kabon dayoksaid kusan miliyan guda a sakan ɗaya. Himogulobin, mai dakon iskar oksijin, zare 4 ne masu amino asid 574, kuma kowace jar ƙwayar jini tana ɗauke da shi kimanin miliyan 270. A 1957 Vernon Ingram ya nuna a Jami'ar Kambirij cewa cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini, asalinta musayar amino asid ɗaya ce tak, a gurbi na 6 na ɗaya daga cikin nau'i biyu na zaren. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar yara masu wannan cuta, kuma duk wahalar da iyaye ke sha a kanta daga wannan gurbi ɗaya ta taso.

To, wa ke gaya wa ƙwaya yadda za ta jera carbin? Kundin gado, watau DNA, wanda James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a 1953, bisa hotunan da Rosalind Franklin da Maurice Wilkins suka samo. An rubuta shi da baƙaƙe 4 kacal, A da C da G da T. Kowane baƙi uku suna nufin amino asid ɗaya, kowane babi na kundin kuma yana ɗauke da tsarin wani furotin ko wani abin aiki. Kundin E. coli yana da baƙaƙe miliyan 4.6 da babi sama da 4,000. In da za a buga shi a littafi mai baƙi 2,000 a shafi, zai ci shafi 2,300. Na ɗan Adam kuwa baƙaƙe miliyan 3,000 ne da 'yan kai. Sa'ad da bakteriya za ta rabu biyu, wasu furotin sukan kwafe kundin da saurin baƙi kamar 1,000 a sakan, wasu su bi baya suna gyara, har kuskuren da ke saura bai fi ɗaya cikin miliyan 1,000 ba.

Ba a fitar da kundin nan wajen aiki. Akan kwafi babin da ake bukata a kan wani sinadari ɗan'uwansa mai suna RNA, a kai takardar masaƙa, watau ribosom, inda ake karanta ta ana ɗaura amino asid ɗaya bayan ɗaya, har 20 a sakan a cikin bakteriya. Magungunan nan da aka sani a asibiti, irin su tetracycline da streptomycin, aikinsu shi ne su tsayar da masaƙar bakteriya su ƙyale ta mutum, saboda ƙirar biyun ta ɗan bambanta.

Duk waɗannan ayyuka ana biyansu da wani sinadari mai suna ATP, shi ne kuɗin birnin. A 1961 Peter Mitchell na Ingila ya kawo bayanin yadda ake buga shi, bayanin da aka daɗe ana musu a kansa kafin a ba shi kyautar Nobel a 1978. Ƙwaya takan yi amfani da ƙarfin abinci ta tura ƙwayoyin haidirojin zuwa bayan wani tantani, su taru can kamar ruwa a bayan madatsar Kainji. Sa'ad da suke kwararowa baya sai su bi ta cikin wani ɗan inji na furotin, su juya shi fiye da sau 100 a sakan, kowane juyi ya fitar da ATP uku. A 1997 wasu masana a Japan suka ga juyawar ƙarƙashin madubi. Yawan ATP da jikin mutum ke sabuntawa a yini ɗaya ya kusa nauyin jikinsa.

A nan kwatancin birni ya ƙare, domin birni magina ke gina shi, ba ya kuma haihuwar wani birni. E. coli kuwa, in ta sami abinci da ɗumi, takan gina kanta ta rabu biyu cikin minti 20.

Da wace guduma aka ƙera guduma ta farko?

Mai sauraro zai iya cewa E. coli ai ta yi nisa, a nemi mai rai da ya fi ta sauƙi. An nema. A 2016 masana a cibiyar Craig Venter ta Amurka suka ɗauki wata ƙaramar bakteriya suka yi ta rage babin kundinta, suna duban wanda in an cire shi za ta mutu. Da suka kai babi 473, masu baƙaƙe kamar 531,000, sai ragin ya tsaya. Daga cikin waɗannan akwai 149 da a lokacin ba a san aikinsu ba, alhali kuwa ana bukatarsu. Har wa yau, kundin da suka harhaɗa bai yi komai ba sai da suka dasa shi cikin wata ƙwaya mai rai, wadda ke da ganuwarta da masaƙunta.

Matsalar ke nan. Kundi ba ya kwafar kansa sai da furotin, furotin kuma ba ya samuwa sai da kundi. Dukansu suna bukatar ATP, injin ATP kuwa furotin ne da ke zaune a jikin tantani, tantanin kuma furotin ke gina shi. Maƙeri da guduma da awartaki yake ƙira, su kuwa a maƙera aka ƙera su. To, da wace guduma aka ƙera ta farko?

A 1971 Manfred Eigen na Jamus ya ƙara fito da tsananin abin. A ɗauki mai kwafar littafi da hannu wanda ke kuskure baƙi ɗaya cikin kowane 100, ba shi kuma da mai duba masa. Gajeren rubutu zai tsira, amma dogo, in aka yi ta kwafa daga kwafi, ba da daɗewa ba zai zama shirme. Haka sinadarai suke in babu furotin mai gyara: saƙon da ya wuce baƙi kamar 100 ba zai dawwama ba, alhali rubuta tsarin furotin mai gyaran yana bukatar baƙaƙen da suka ninka haka sau da yawa.

Shaidar duwatsu da ta jikin masu rai

Awon da ake yi wa duwatsu ya nuna cewa shekarun duniya kimanin miliyan 4,540 ne. Wasu 'yan ƙwayoyin ma'adini da aka samu a Jack Hills ta yammacin Ostareliya, masu shekara har miliyan 4,400, suna ɗauke da alamar cewa tun a lokacin akwai ruwa a doron ƙasa. A yankin Pilbara na ƙasar kuma akwai duwatsu masu hawa-hawa, irin waɗanda tarin bakteriya ke ginawa, masu shekara kusan miliyan 3,500. Iskar oksijin ba ta taru a sarari ba sai wajen shekara miliyan 2,400 da suka wuce. Watau rai ya bayyana da wuri a tarihin duniya, kuma a duniyar da ba ta da iskar da ake shaƙa yau.

Shaida ta biyu tana jikin masu rai. Gero da raƙumi da mutum da bakteriya duka baƙaƙe ɗaya suke amfani da su, fassararsu kusan ɗaya ce, amino asid 20 ɗin nan su ne dai, kuɗinsu kuma ATP. Saboda haka ne aka iya sa tsarin insulin na ɗan Adam cikin bakteriya a 1978 ta karanta shi ta saƙa, har aka fara ba masu ciwon sukari a 1982. Masana suna ɗaukar wannan shaida ce cewa duk masu rai da aka sani tushensu guda. Amma tun da tushen nan yana da kundi da masaƙa da ATP, shi ma ya riga ya zama birni. Mafarin yana can bayansa.

Tubala

An daɗe ana zaton sinadaran jikin mai rai ba sa haɗuwa sai a jikin mai rai. Friedrich Wöhler ya fara rushe wannan zato a 1828, da ya haɗa sinadarin yuriya na cikin fitsari daga gishirin ɗakin gwaji. A 1924 Alexander Oparin na Rasha, a 1929 kuma J. B. S. Haldane na Ingila, kowa ta hanyarsa, suka kawo ra'ayin cewa a duniyar farko, inda babu oksijin, hasken rana da tsawa za su iya haɗa irin waɗannan sinadarai su taru cikin teku.

Wani ɗalibi mai shekara 23 a Jami'ar Shikago, Stanley Miller, ƙarƙashin malaminsa Harold Urey, shi ya gwada maganar, ya buga sakamakon a 1953. Ya zuba ruwa da iskar mitan da amoniya da haidirojin cikin kwalabe rufaffu, ya yi ta tafasa ruwan yana sakar wa tururin tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Bayan mako guda ruwan ya yi ja, a cikinsa kuma aka sami amino asid, har da gilaisin da alanin waɗanda ke cikin furotin. Bayan rasuwarsa a 2007 aka sake auna wasu kwalaben da ya adana da na'urorin zamani, aka sami amino asid iri 22 a samfurin gwaji ɗaya. Yau dai yawancin masana suna ganin iskar duniyar farko kabon dayoksaid da naitirojin suka fi yawa a cikinta, irin wannan haɗi kuma bai kai na Miller albarka ba. A 1961 Joan Oró ya nuna cewa adenin, watau baƙin A na kundin gado, yana haɗuwa daga sayanaid, dafin nan da ke sa a jiƙa rogo mai ɗaci kafin a ci.

Sa'an nan shaida ta faɗo daga sama. Ran 28 ga Satumba 1969 wani dutse ya tarwatse a kan garin Murchison na Ostareliya, aka tsinci kimanin kilo 100, a cikinsa aka sami amino asid fiye da iri 70. Don kawar da shakkar cewa ƙasa ce ta gurɓata shi, aka aika kumbo ya ɗebo tun daga can. Na Japan ya dawo a 2020 da giram 5.4 daga curin dutsen Ryugu, aka sami baƙin U na RNA a ciki. Na Amurka ya dawo a 2023 da giram 121.6 daga curin Bennu, a 2025 kuma aka bayyana cewa yana ɗauke da 14 daga cikin amino asid 20 na furotin, da dukan baƙaƙe 5 na DNA da RNA.

Wasu sun ɗora a kan wannan suka ce watakila ran ma daga wata duniya ya zo. Lalle duwatsu suna ƙetarowa: dutse mai kilo 18 da ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina ran 3 ga Oktoba 1962, bincike ya nuna daga duniyar Mas ya ɓalle. Amma ba a taɓa samun mai rai cikin irin waɗannan duwatsu ba, ko da an samu kuwa, an ɗauke tambayar ne kawai an kai ta wani wuri.

Hanyoyi uku na ƙetare ramin

Hanya ta farko ta ce kundi aka fara samu, amma na RNA. A 1982 Thomas Cech, a 1983 kuma Sidney Altman, suka gano cewa RNA, ban da ɗaukar saƙo, yana iya naɗe kansa ya yi aiki irin na furotin. Ga sinadari ɗaya ke nan da yake kundi kuma yake guduma. A shekarar 2000, da aka ga ƙirar ribosom filla-filla, sai ga shi wurin da ake ɗaura amino asid RNA ne zalla. A 2009 John Sutherland da abokan aikinsa a Manchesta suka haɗa biyu daga cikin tubalan RNA daga sinadarai masu sauƙi. A shekarar nan kuma Tracey Lincoln da Gerald Joyce a Kalifoniya suka samar da RNA iri biyu masu haɗa juna, yawansu na ninkawa kusan kowace sa'a. Sai dai da gutsattsarin da masu gwajin suka riga suka shirya suke aiki. RNA mai kwafar kansa baƙi bayan baƙi, zuriya bayan zuriya, ba tare da hannun mutum ba, har yanzu ana nemansa.

Hanya ta biyu ta ce ƙarfin aiki aka fara samu. A 1977 aka gano maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙarƙashin teku kusa da tsibiran Galapagos, kewaye da halittun da ba su dogara ga hasken rana kai tsaye ba. A 2000 aka gano wasu iri dabam a tekun Atlantika, masu hasumiyoyin farin dutse da tsawonsu ya kai mita 60, ruwansu mai kaifi irin na kanwa, zafinsa tsakanin digiri 40 da 90. Michael Russell ya riga ya yi hasashen irinsu. Hujjarsa ita ce, duwatsun cike suke da 'yan ramuka masu siraran bango, ruwan kanwa a ciki, ruwan tekun farko mai ɗan tsami a waje. Wannan bambanci kuwa shi ne irin madatsar nan ta Mitchell. Abin da ya rage shi ne a nuna cewa madatsar dutse za ta iya haifar da dogayen zare.

Hanya ta uku ta ce a duba ganuwa. A 1985 David Deamer ya nuna cewa maiƙon da aka tatsa daga dutsen Murchison, in ya sami ruwa, yakan dunƙule da kansa ya zama 'yan jakunkuna. A 2003 ɗakin gwajin Jack Szostak ya nuna cewa wani irin yumɓu yana gaggauta haɗuwar irin jakunkunan, har ya shigar da RNA cikinsu. Masu wannan ra'ayi sun fi karkata ga kududdufan tudu, domin ɗaura amino asid biyu yana fitar da ruwa, cikin ruwa mai yawa kuwa zare tsinkewa yake yi. Kududdufin da ke cika yana ƙafewa, kamar yadda ake gani tsakanin damina da rani, yana tattara sinadarai ya ɗaure su a lokacin ƙafewa.

Akwai kuma matsalar da ta shafi hanyoyin duka. Amino asid yana zuwa da siffa biyu, kamar hannun dama da na hagu. Gwaji irin na Miller yakan ba da su rabi da rabi, furotin ɗin masu rai kuwa da na hagu kaɗai ake saƙa shi.

Lissafin dace

Sau da yawa akan kawo wani lissafi a wannan muhawara. Furotin mai amino asid 100 ana iya jera shi ta hanyoyin da yawansu ya kai 1 da sifiri 130 a bayansa, alhali ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hange ba su wuce 1 da sifiri 80 ba. Lissafin daidai ne, kuma ya isa hujja cewa ƙwayar halitta ba ta faɗo a dunƙule ta hanyar dace ba. Babu kuwa masanin da ke da'awar haka. Abin da lissafin bai ƙunsa ba shi ne, jeri masu yawa suna iya yin aiki ɗaya, sinadarai suna da abokan da suka fi son haɗuwa da su, kuma da zarar an sami abin da ke kwafar kansa, wanda ya fi iya kwafa shi zai yawaita, gyara ya hau kan gyara. Saboda haka tambayar ta koma kan abu ɗaya: yaya aka sami mai kwafar kansa na farko, a cikin ganuwa, da ƙarfin da zai ciyar da shi?

Kammalawa

Abubuwan da aka ambata sun kasu mataki uku, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke jawo yawancin gardamar da ake yi a kan wannan batu. Akwai abin da aka tabbatar: shekarun duniya, daɗewar rai a cikinta, haɗuwar masu rai a kan baƙaƙe ɗaya, da samuwar tubala ba tare da mai rai ba. Akwai abin da aka nuna yana yiwuwa a ɗakin gwaji, kamar haɗa tubalan RNA da jakunkunan maiƙo. Nuna cewa abu yana yiwuwa kuwa bai zama shaidar cewa haka ya auku ba. Akwai kuma abin da yake hasashe, watau wurin da abin ya faru da yadda sassan suka haɗu. Har yau babu wanda ya haɗa mai rai daga sinadarai marasa rai.

Ɗalibin da zai shiga aji ya koyar, da ma'aikacin da zai rubuta rahoton da za a kashe kuɗin jama'a a kansa, dukansu suna bukatar wannan rarrabewa. Wanda ya gaya wa yara cewa kimiyya ta warware asirin rai ya yi ƙari. Wanda ya ce musu ba ta gano komai ba ya yi ragi. Binciken kuma bai tafi a banza ba, domin sanin ƙofa da masaƙa da kundi shi ya ba da ruwan gishiri da sukari, da magungunan kashe bakteriya, da gwajin jinin da ake yi kafin aure. Tambaya rabin ilmi ce, rabin da ya saura kuwa yana jiran masu haƙurin gwaji, ba kuma abin da zai hana a same su cikin ɗaliban da ke wannan zaure.